Kurmin da Aka Yanyanka a Arewacin Manaus: Nazari Kan Yadda Shimfiɗar Ƙasa Ke Shafar Kiyaye Halittu

Kimanin kilomita 80 arewa da birnin Manaus, a tsakiyar kurmin Amazon na ƙasar Birazil, akwai wasu guntayen kurmi guda 11 waɗanda aka keɓe su da gangan aka bar su tsaye a cikin filayen kiwon shanu. Biyar daga cikinsu hekta ɗaya-ɗaya ne, huɗu hekta goma-goma, biyu kuma hekta ɗari-ɗari. Tun daga shekarar 1979 masana suke shiga waɗannan wurare suna ƙidaya itatuwa da tsuntsaye da birai da kwaɗi da ƙwari, kuma sun fara ƙidayar ne tun kafin a sare kurmin da ke kewaye da su, saboda haka suna da bayanin abin da ke wurin kafin a taɓa shi. Wannan shi ne abin da ya bambanta aikin da yawancin binciken da ake yi a kan dazuzzukan da suka lalace, inda mai bincike kan iso bayan ɓarna ta auku, ya riƙa kintatar abin da aka rasa. Tambayar da aka nufa da aikin tambaya ce ta ilimin labarin ƙasa tsantsa: shin faɗin wuri, da siffarsa, da tazarar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa, da irin ƙasar da ke kewaye da shi, suna da hannu wajen yanke wace halitta za ta wanzu, wace kuma za ta ɓace?

Asalin maganar daga nazarin tsibirai ta fito. Masana halittu sun daɗe da lura da cewa babban tsibiri yakan ƙunshi nau'o'in dabbobi da tsirrai fiye da ƙarami, har ma akwai wani ƙiyasi da ake yawan ambata cewa idan faɗin tsibiri ya ninka sau goma, yawan nau'o'in da ke cikinsa kan ninka kusan sau biyu. A shekarar 1967 Robert MacArthur da Edward O. Wilson suka fitar da littafinsu a kan rarrabuwar halittu a tsibirai, inda suka bayyana cewa adadin nau'o'in da ke kowane tsibiri yana daidaita ne tsakanin abubuwa biyu masu jan juna: zuwan sababbi daga waje, da ƙarewar waɗanda suke ciki. Tsibirin da ke nesa da babban yanki ba ya samun baƙi sosai, ƙaramin tsibiri kuwa mazaunansa kaɗan ne, cuta ɗaya ko fari ɗaya na iya shafe su. Ba a daɗe ba masu harkar kiyaye muhalli suka gane cewa gandun dajin da gonaki da garuruwa suka kewaye shi ma tsibiri ne, ko da babu ɗigon ruwa a gefensa. A 1975 Jared Diamond ya zana wasu ƙa'idojin tsara gandun daji bisa wannan fahimta, yana mai cewa babba guda ɗaya ya fi ƙanana da yawa masu jimillar faɗi iri ɗaya, na kusa da juna sun fi na nesa, mai siffar da'ira ya fi mai tsawo siriri. Shekara guda bayan haka Daniel Simberloff da Lawrence Abele suka ƙalubalance shi, suka ce ka'idar tsibirai ba ta tabbatar da hakan ba, domin ƙananan wurare da ke warwatse a kan ƙasa iri-iri suna iya tara nau'o'i fiye da babban wuri ɗaya. Muhawarar ta yi zafi, ta kuma ɗauki shekaru, alhali kowane ɓangare hujjojinsa na lissafi ne da misalai daga tsibiran teku. Babu wanda ya taɓa gwada abin a kan kurmi na gaske.

Thomas Lovejoy, masanin halittu Ba'amurke wanda ya yi bincikensa na digirin digirgir a kan tsuntsaye kusa da birnin Belém, shi ne ya hango damar gwajin a cikin wata dokar Birazil. Dokar gandun daji ta 1965 ta wajabta wa mai fili a yankin Amazon ya bar rabin filinsa a matsayin kurmi. A lokacin gwamnatin soja tana ba da tallafi don a buɗe manyan gonakin kiwon shanu a arewacin Manaus, a wani yanki da ke ƙarƙashin SUFRAMA, hukumar gwamnati mai kula da bunƙasa tattalin arzikin yankin Manaus. Tunda dai za a sare kurmin ko ana so ko ba a so, kuma dole a bar rabi, Lovejoy ya nemi masu gonakin su amince masana su zaɓi inda za a bar wani sashe na rabin da kuma girmansa. Aka ƙulla haɗin gwiwa tsakanin cibiyar binciken Amazon ta Birazil, wato INPA, da reshen Amurka na asusun kare namun daji na WWF, daga baya cibiyar Smithsonian ta karɓi ɓangaren Amurka. Richard Bierregaard ne ya jagoranci aikin fili a shekarun farko. Gonaki uku aka yi amfani da su, Dimona da Esteio da Porto Alegre, aka fara keɓe guntayen a 1980, tazarar da ke tsakaninsu da babban kurmi ta kama daga mita 80 zuwa mita 650. An kuma ware filayen awo masu girma iri ɗaya a cikin kurmin da ba a taɓa ba, don a riƙa kwatantawa.

Ya kamata a san irin wurin da ake magana a kansa. Ƙasa ce mai tudu-tudu wadda ambaliyar kogi ba ta kaiwa, ƙasarta kuma ba ta da ƙarfi ko kaɗan, ruwan sama na shekaru aru-aru ya wanke sinadaranta. Duk da haka a cikin hekta ɗaya ana iya samun nau'o'in itatuwa kusan 280, kuma yawancinsu ɗai-ɗai suke, wato bishiya ɗaya ko biyu ta wani nau'i a cikin hekta guda, 'yar'uwarta tana can nesa. Wannan ƙarancin shi ne ya sa kurmin ke da rauni idan aka yanka shi. Guntun da aka keɓe yakan ɗauki samfuri ne kawai na abin da ke yankin, kuma nau'o'i da dama sun shiga cikinsa da adadin da ba zai iya haifar da wani ƙarni ba.

Abin da aka fara gani ya zo da ruɗani. A watannin farko bayan an sare kewayen, ragar da ake kafawa don kama tsuntsayen ƙarƙashin kurmi ta riƙa kama fiye da yadda ta saba. Dalilin kuwa shi ne tsuntsayen da aka rusa wa muhalli sun kwararo cikin ɗan abin da ya rage, sun yi cunkoso. Wanda ya zo ya yi ƙidaya a wannan lokacin ya tafi zai rubuta cewa guntun kurmin ya fi babban kurmi albarka. Bayan wasu watanni adadin ya faɗi warwas, nau'o'i suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na farkon tafiya su ne tsuntsayen da ke bin rundunar kwarkwasa. Waɗannan tsuntsaye ba kwarkwasar suke ci ba, suna bin gaban rundunar ne suna cafke ƙwari da gizo-gizo da ke tserewa. Gidan kwarkwasa ɗaya yana da lokacin yawo na kusan mako biyu da lokacin zama na kusan mako uku wanda farautarsa ke raguwa, saboda haka kowane tsuntsu yana bukatar ya san gidaje da dama a lokaci guda, ya riƙa zagayawa tsakaninsu. Hekta ɗaya ko goma ba ta iya riƙe ko gidan kwarkwasa ɗaya na dogon lokaci, balle da yawa. Da kwarkwasar ta tafi, tsuntsayen suka bi ta. Haka nan garken tsuntsaye masu nau'i daban-daban da ke kiwo tare, wasu na neman abinci wasu na tsaro, suka watse cikin 'yan shekaru a ƙananan guntayen. Wani nazari da Gonçalo Ferraz da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya nuna cewa guntu mai hekta ɗari yakan rasa rabin nau'o'in tsuntsayen ƙarƙashin kurminsa cikin ƙasa da shekara 15, kuma idan ana son a rage saurin wannan asara sau goma, sai an ƙara faɗin wurin sau dubu.

Birai ma sun rabu gida biyu bisa ga abin da suke ci. Baƙin biri mai dogayen gaɓoɓi, wanda ke rayuwa a kan 'ya'yan itatuwa kuma yake yawo a fili mai faɗin ɗaruruwan hekta don samun bishiyar da ta nuna, ya ɓace daga ƙananan guntayen. Jan biri mai ruri kuwa, wanda ganye ya ishe shi, ya ci gaba da zama har a cikin hekta goma. Wasu asarorin sun biyo ta bayan gida. Aladen dajin yankin sukan tona ƙananan kududdufai inda suke birgima, kuma akwai kwaɗin da a cikin waɗannan kududdufai suke yin ƙwai, don haka da aladen suka daina zuwa, ramukan suka bushe, kwaɗin suka rasa wurin haihuwa. Buzuzu masu binne kashin dabbobi sun ragu saboda manyan dabbobin da ke samar musu da abinci sun tafi, kuma raguwarsu ta shafi itatuwa, domin a wajen binne kashin ne suke binne irin da ke cikinsa, su ɓoye shi daga ɓeraye.

Zuwa nan sakamakon yana tafiya daidai da hasashen ka'idar tsibirai, wato ƙaramin wuri ya fi saurin rasa mazaunansa. Amma babban abin da aikin ya tono, wanda masu muhawarar 1975 da 1976 ba su ba shi muhimmanci ba, shi ne abin da ke faruwa a bakin kurmi. Cikin kurmin Amazon wuri ne mai duhu da laima da sanyi, iska ba ta kaɗawa sosai, kuma hasken rana kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa ƙasa. Da zarar an sare gefe ɗaya, sai zafin filin kiwo da busasshiyar iskarsa su riƙa kutsawa ta ƙarƙashin rumfar ganyaye har tsawon mita 40 zuwa 60. Itatuwan da suka girma cikin inuwa sukan zubar da ganye, wasu su mutu a tsaye. Sannan ga guguwa, wadda a da take wucewa ta saman kurmi, yanzu tana samun fili ta taho da ƙarfinta ta doki bangon itatuwan da saiwoyinsu ba su saba da irin wannan turi ba. Mutuwar itatuwa ta ƙaru ƙwarai a cikin mita 100 na farko daga baki, ana kuma ganin ɓarnar iska har zuwa kusan mita 300. William Laurance da abokan aikinsa sun bayar da rahoto a 1997 cewa filayen awo da ke cikin mita 100 daga baki sun rasa har kashi 36 cikin ɗari na nauyin itacensu a cikin shekaru 10 zuwa 17 na farko. Manyan itatuwa, waɗanda suka kwashe ɗaruruwan shekaru suna girma kuma su ne suka fi bayar da 'ya'ya da riƙe kabon, su suka fi mutuwa, kusan ninki uku na yadda suke mutuwa a tsakiyar kurmi. Inda suka faɗi sai itatuwa masu saurin girma da laushin katako su maye gurbinsu, tsirrai masu naɗe bishiya su yawaita su ƙara danne na ƙasa. A lokacin farin da yanayin El Niño, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik, ya haddasa a 1997 da 1998, mutuwar itatuwa ta ƙaru a baki da cikin kurmin duka.

Idan aka ɗora waɗannan alƙaluma a kan taswira, lamarin yakan fito fili. Hekta ɗaya murabba'i ce mai mita 100 kowane gefe, tsakiyarta mita 50 ce kacal daga fili, saboda haka babu wani sashe nata da za a kira cikin kurmi, dukkanta baki ce. Hekta goma tana da kusan mita 316 kowane gefe, idan aka cire mita 100 ta kowace fuska abin da zai rage bai kai hekta ɗaya da rabi ba. Hekta ɗari, wadda take kilomita ɗaya kowane gefe, za ta rage da hekta 64 bisa ma'aunin mita 100, amma bisa ma'aunin mita 300 sai ta koma hekta 16. Wannan kuma lissafi ne na murabba'i mai kyawun siffa. Gandun dajin da yake dogo siriri, ko mai lunguna da yawa, ko wanda titi ya ratsa ta tsakiyarsa, yana iya zama hekta dubu a takarda alhali ainihin cikinsa bai taka kara ya karya ba. A ganina wannan ne sakamakon da ya fi cancanta a yi ta maimaitawa ga masu tsara manufofi, domin kusan duk rahotannin hukuma a kan kiyaye daji da jimillar hekta ake rubuta su, kuma jimilla ba ta nuna tsawon baki.

Tazara ita ma ta zo da mamaki. An ɗauka cewa tsuntsu, tunda yana da fiffike, mita ɗari ba za ta gagare shi ba. Sai aka tarar da yawa daga cikin tsuntsayen ƙarƙashin kurmi masu cin ƙwari ba sa yarda su fita cikin hasken fili, har ma share wuri mai faɗin mita 30 zuwa 40, kamar na hanyar mota marar kwalta, yana rage ƙetarawarsu sosai. Wasu nau'o'in ƙudan zuma masu sheƙi, waɗanda ke ɗaukar ƙurar fure tsakanin tsirrai, an ga ba sa ƙetare fili mai faɗin mita 100. Ga bishiyar da 'yar'uwarta take can ƙetaren filin, wannan yana nufin an yanke mata hanyar haihuwa ko da ita kanta tana tsaye da ranta. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin yankin, domin tun a 1852 Alfred Russel Wallace ya rubuta cewa manyan kogunan Amazon da Negro da Madeira suna raba nau'o'in birai, wanda ke wannan gaɓa ba a samunsa a waccan. Halittun da suka samo asali a cikin kurmi marar yankewa ba su da dalilin koyon ƙetare fili, kuma abin da ya zama shinge gare su yana iya zama ɗan ƙanƙanin abu a idon mai zana taswira.

Ba duka halittu ne suka yi asara ba, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Ƙananan tsuntsaye masu shan zumar fure ba su damu da yankewar ba. Malam-buɗe-littafi masu son haske sun shigo bakin guntayen, har adadin nau'o'insu ya ƙaru a wasu wurare, haka ma wasu kwaɗi da ƙananan dabbobi dangin ɓera. Wannan ya nuna haɗarin dogaro da ƙidayar nau'o'i kaɗai, domin adadi na iya tsayawa cak ko ma ya hau alhali waɗanda ba sa iya rayuwa a ko'ina sai cikin kurmi sun tafi, waɗanda ake samu a kowane saura sun maye gurbinsu.

Sai kuma wani juyi da babu wanda ya tsara shi. Kiwon shanu bai yi riba a wannan ƙasa marar ƙarfi ba, ciyawar ta riƙa lalacewa bayan 'yan shekaru, kuma da tattalin arzikin Birazil ya shiga mawuyacin hali a shekarun 1980, tallafin gwamnati ya tsaya. Masu gonaki suka yi watsi da yawancin filayen. Wannan ne ma ya sa ba a kai ga keɓe guntu mai hekta dubu da aka yi niyya ba, ba a kuma cika adadin guntayen da aka tsara tun farko ba. Filayen da aka bari suka fara komawa daji, ta yadda masu binciken suka zama dole su riƙa share zagaye mai faɗin mita 100 a kewayen guntayen lokaci-lokaci don gwajin ya ci gaba. Amma wannan cikas ya zama ɗaya daga cikin manyan darussan aikin. Inda aka sare kurmi ba a ƙona shi ba, itatuwan Cecropia ne suka tsiro, dogaye masu yin rumfa, waɗanda wasu nau'o'i ke iya tsirowa a ƙarƙashinsu. Inda aka yi ta ƙonawa ana kiwo, itatuwan Vismia ne suka mamaye, gajeru masu cunkoso, kuma sun daɗe suna hana wasu shigowa. Tsuntsaye masu bin kwarkwasa da garken da suka watse sun dawo cikin guntayen da Cecropia ta kewaye tun kafin su dawo cikin waɗanda Vismia ta kewaye. Bayan shekaru, da sabon dajin ya yi tsawo, buzuzu da jemagu da yawa daga cikin tsuntsayen suka sake shigowa, mutuwar itatuwan baki ma ta lafa saboda an samu abin da ke tare iska. Guntaye biyu masu faɗi ɗaya suna iya bin hanyoyi mabambanta saboda kawai abin da mai gona ya yi da filin da ke gefensu shekara ashirin da suka wuce.

A nan ne kwatanta guntun kurmi da tsibiri ya nuna iyakarsa. Teku ba ya canzawa ya zama ƙasa, amma filin kiwo yana iya zama saura, saura ya zama daji, dajin ya zama wani irin burtali da dabbobi ke bi daga wannan guntu zuwa wancan. Akwai wani wuri a cikin jihar Amazonas ɗin da ke nuna ɗaya fuskar. Madatsar ruwa ta Balbina, wadda aka rufe a kan kogin Uatumã a 1987, ta mamaye kurmi mai faɗin gaske saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ta mayar da kawunan tuddai tsibirai kimanin 3,500. Binciken da Maíra Benchimol da Carlos Peres suka wallafa a 2015 ya nuna cewa mafi yawan waɗannan tsibirai sun rasa akasarin manyan dabbobinsu da matsakaita, ƙalilan ne ƙwarai, manyan cikinsu, suka riƙe cikakken rukuni. Ruwa ba ya tsiro da Cecropia, don haka hanyar farfaɗowar da aka gani a gonakin Manaus a rufe take a can.

Akwai abubuwan da ya wajaba a yi la'akari da su kafin a ɗauki sakamakon Manaus a shimfiɗa shi a kan kowane daji. An kewaye guntayen da shingen waya don hana shanu shiga, babu farauta sosai, babu masu saran katako, gobara ma ba ta cika shiga ba, kuma babban kurmi yana nan kusa yana aiko da sababbin mazauna. A yawancin wuraren da ake yanka daji a duniya duk waɗannan matsaloli tare suke zuwa, titin da ya raba dajin shi ne kuma yake kawo mafarauci da mai zarto da wuta. Saboda haka abin da aka gani a nan shi ne mafi sauƙin abin da yankewa ke iya yi. Ƙari a kan haka, guntaye 11 adadi ne kaɗan a wajen lissafi, biyu ne kawai masu hekta ɗari, kuma gwajin bai amsa tambayar babba ɗaya ko ƙanana da yawa kai tsaye ba, tunda mafi girman guntun ma ƙarami ne idan aka kwatanta da bukatar damisa ko babbar gaggafar kurmin. Masu goyon bayan ƙananan wurare, irin su Lenore Fahrig ta Kanada, har yanzu suna kawo hujjoji daga wasu yankuna cewa jimillar muhallin da ya rage ta fi tsarin rarrabuwarsa tasiri, kuma bai kamata a raina ƙananan guntaye ba. Maganarsu tana da ƙarfi a yankunan da guntayen ne kawai suka rage, domin a can watsar da su daidai yake da watsar da komai. Amma ga kurmin da har yanzu yake haɗe, ban ga yadda za a karanta bayanan Manaus a fito da hujjar yanka shi ba.

Filayen awon da ke cikin kurmin da ba a taɓa ba, waɗanda aka kafa don kwatantawa kawai, su ma sun fito da nasu labarin. Philip Stouffer da ɗalibansa, da suka kwatanta kamun farkon shekarun 1980 da na baya-bayan nan, sun gano cewa tsuntsaye masu cin ƙwari a ƙasa da kusa da ƙasa sun ragu har a tsakiyar babban kurmin, nesa da kowane baki. Wani nazari na 2021 a kan nau'o'in tsuntsaye 77 ya nuna cewa matsakaicin nauyin jikinsu ya ragu tun daga shekarun 1980, kuma masu binciken sun danganta hakan da ƙaruwar zafi da bushewar lokacin rani. Ke nan ma'aunin da ake auna guntayen da shi ma yana motsi.

Ta fuskar doka, Birazil ta ɗaga kason da dole a bari a filayen kurmin Amazon daga rabi zuwa kashi 80 cikin ɗari a 1996, kuma sabuwar dokar gandun daji ta 2012 ta riƙe wannan kaso. Wannan ci gaba ne, amma kaso shi kaɗai ba ya hana maƙwabta biyu su bar nasu a kusurwoyi masu nisa da juna, su samar da guntaye biyu a inda za a iya samun guda ɗaya mai faɗi. Yarjejeniyar kiyaye halittu da ƙasashen duniya suka amince da ita a Montreal a watan Disamba na 2022, wadda ta sa burin kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwa kafin 2030, ta ambaci cewa wuraren su kasance haɗe da juna, sai dai adadin kashi 30 ɗin ne ake yawan ji, saboda shi ya fi sauƙin aunawa da sanarwa. Wani nazari na 2015 da Nick Haddad ya jagoranta ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na dazuzzukan da suka rage a duniya suna cikin kilomita ɗaya daga baki.

Shi kansa wurin gwajin bai tsira daga abin da yake nazari ba. An ba guntayen da filayen awon matsayin wurin da doka ta kare a 1985, amma kariyar ba ta haɗa da yawancin ƙasar da ke kewaye da su ba. Titin BR-174, wanda ya tashi daga Manaus ya nufi Boa Vista da iyakar Benezuwela, ya ratsa yankin, kuma tun da aka shimfiɗa masa kwalta a ƙarshen shekarun 1990 ake samun ƙarin masu share fili da mafarauta da masu yin gawayi a gefensa. Manaus ta haura mutum miliyan biyu, tana faɗaɗa zuwa arewa. A 2007 Laurance da Regina Luizão suka yi gargaɗi a mujallar Nature cewa shirin tsugunar da manoma a filayen SUFRAMA yana barazana ga aikin da kuma zirin kurmin da ya haɗa tsakiyar Amazon da arewacinsa. Lovejoy ya rasu a watan Disamba na 2021, aikin kuma yana ci gaba a ƙarƙashin INPA, inda ɗaliban Birazil da na sauran ƙasashen Amurka ta Kudu, waɗanda ɗaruruwansu suka samu horo a sansanoninsa, suke sake auna itatuwan da aka liƙa wa lamba tun a farkon shekarun 1980.